Kujerar Oga da 'Yan Hulunan Taya

Ku 'ya'yana, akwai gardamar da kuka daɗe kuna yi duk ranar da Allah ya haɗa ku a tsakar gidan nan, ni kuma ina kan tabarmata ina jin ku, na rufe ido kamar mai barci. Bukar, babbanku, yana cewa na'urar da ya saya wa motata ce ta ceci raina da na mahaifiyarku a hanyar Keana. Yagana, autarku, tana cewa na'urar ce ma ta kusa kai mu lahira. Abu ɗaya kuka haɗu a kai gaba ɗayanku: wai tsoro ne ya sa na ajiye makullin mota a shekarar nan, ko kuma na gaji ne da matsin Bukar. To, ba haka aka yi ba. Mahaifiyarku ta roƙe ni kada in buɗe baki a kan maganar muddin tana numfashi, na kuwa riƙe mata. Yanzu ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta da rahama, don haka ku zauna ku ji daga bakin wanda yake kan sitiyari a ranar.

Ni direba ne, kuma ban taɓa sunkuyar da kai wajen faɗar haka ba. 'Yan uwana sun bi hanyar gidanmu ta Barebarin Lafiya, wasu ofis, wasu kasuwa, ni kuwa tun ina saurayi ƙamshin man mota ya ɗauke min hankali. Na ja motar gwamnati tun lokacin da sai mun hau Jos ake sa mana hannu a takarda, har aka ba mu jiharmu Lafiya ta zama babban birni, har na yi ritaya. A zamaninmu da jiki ake tuƙi. Hannu yana jin tayoyin gaba ta sitiyari, ƙafa tana jin inji ta totur, tayoyin baya kuwa ƙugu ne ke jin su. Tayar baya in ta fara sauka, bayan mota yakan yi wani ɗan rangaji da fasinja ba zai lura ba, amma ni sai in ji shi a ƙashin bayana tun iskar ba ta yi nisa ba. Na sha tsayawa a tsakiyar daji in ce taya ta sha ƙusa alhali ido bai ga komai ba tukuna, a duba a tarar da ƙusar. Da wannan nake taƙama, kuma duk wanda ya zauna da ni a majalisa ya gaji da jin labarin.

A motar gwamnati akwai wurin da muke kira kujerar oga, wato ta baya ta hannun dama, wadda direba ke zagayawa ya buɗe wa ƙofa. Shekara da shekaru ina buɗe ƙofar nan ga manya, na kirki da waɗanda ko sannu ba sa ce maka. Ranar da na sayi motata ta farko na kawo ta ƙofar gida, mahaifiyarku Hajiya Ladi ta fito da murna ta nufi gaba. Sai na riga ta, na buɗe ƙofar baya ta dama, na cire hula na rusuna.

"Ranki ya daɗe, daga yau ke ce oga."

"To, oga direba, a tafi da ni a hankali," in ji ta, ta shiga ta harɗe kamar a ciki aka haife ta.

Da wasa muka fara, wasa ya zama doka. Motoci sun canza a gidan nan, kujerarta ba ta canza ba, kuma ko mu biyu ne kaɗai a mota a can take zama. Kun san ita 'yar Keana ce, 'yar ƙabilar Alago, 'yar gidan masu dafa gishiri. Tun tana ƙarama take ɗaukar tulun ruwan gishiri a ka daga bakin tafki zuwa wurin dahuwa, kan turba mai santsi, ba tare da ta sa hannu ta riƙe ba. Ta sha ba ku labarin kuna dariya. Ni ma na sha ji, sai dai ban taɓa tsayawa na tambayi kaina abin da irin wannan ɗauka ke koya wa wuya da gadon bayan mutum ba.

Ciwon suga ya shige ni bayan ritaya, ya yi zamansa. Da farko fitsari ne da ƙishirwa, daga baya tafin ƙafata ya fara yi min kamar na sa safa biyu. Ban ɗauki abin a bakin komai ba, tunda ƙafar tana samun birki in na neme shi. Bukar ne ya ɗauka da zafi. Da ya zo Sallah daga Abuja ya gan ni na taka garwashi a tsakar gida ban sani ba sai da Yagana ta yi ihu, da yamma ya same ni a zaure ya zauna a ƙasa, ya yi ta kewaye-kewaye irin na yaron da yake so ya faɗa wa ubansa abin da ba a faɗa.

"Baba, da ka huta da tuƙin nan. Ga Yagana a gida, ta iya mota, ita za ta riƙa kai ku."

"Yagana da ni na koya mata riƙon sitiyari? Bukar, ranar da ka ga na ajiye makulli, to ka aika a fara haƙa kabarina."

Da zafi na faɗa, kuma har zuciyata nake nufi. Ku gane, mota ce kaɗai abin da ya rage min wanda nake yi fiye da kowa a gidan nan. Karatu kun fi ni, waya kun fi ni, ko labarin duniya yanzu ku ke ba ni. In aka karɓe makulli, me zan zama ban da tsoho mai jiran a kawo masa kunu? Bukar ya ga ba zai ci ni a nan ba, sai ya koma ya sake dabara. Da ya dawo ya zo da ɗan kwali a hannu, ya ce mu yi sulhu: zan ci gaba da tuƙi, amma da sharaɗin wannan na'ura tana kan motar, domin abin da ya fi tsoro shi ne taya ta fashe min a kan gudu. Na yarda, don na ga makullina nake saye da wannan yarda.

Ba zan ɓoye muku ba, ranar da aka ɗaura ta na sha mamaki irin wanda na daɗe ban sha ba. 'Yan huluna ne guda huɗu, kowace ba ta fi ƙwallon dabino ba, ana murɗa su a bakin bawul, inda ake hura wa taya iska, a madadin baƙaƙen hulunan roba da muka saba da su. Kowace da lambarta a ka, ɗaya zuwa huɗu, kowace da tayarta: ɗaya ta gaba gefen direba, a zagaya har a kai huɗu. Sai wani ɗan akwati mai fuskar gilashi da aka manna a gaban mota, ba waya ba komai, hasken rana kawai yake sha. Bukar ya murɗa hular ƙarshe, sai ga lambobi huɗu sun fito a kan gilashin, kowace taya tana faɗin iskar cikinta. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin mota ina neman wayar da ta haɗa su, babu. Na sa aka sace wa taya ɗaya iska kaɗan, kafin in miƙe akwatin ya fara kuka, lambar tayar tana ƙiftawa. Na ce tsarki ya tabbata ga Allah da ya ba ɗan Adam wannan sani. Abin da na ƙarar da ƙuruciyata ina koya wa ƙuguna, ga shi an dunƙule shi cikin abin da kaza za ta iya haɗiyewa, yana magana ta cikin iska da akwatin da ba shi da kunne. Kwanakin farko har majalisa nake kiran abokaina su zo su gani, ina nuna musu kamar ni na ƙera ta.

Mahaifiyarku ta leƙo daga kujerarta ta kalli akwatin, ta ce, "Wannan abin zai san ramin hanyan Obi?" Muka yi mata dariya.

Daɗin bai kai damina ba. Da ruwa ya sauka sai na'urar ta fara nuna halinta. Da sanyin safiya, kafin in fita daga layinmu, sai ta ɗauki kuka wai taya ta sauka, in rana ta ɗaga ta yi shiru kamar ba ita ba. In na ratsa ruwan da ke kwanciya a hanyar Shabu, lamba ɗaya ko biyu sai su ɓace daga gilashi, sai washegari su dawo. Wata rana hula ta uku ta daina magana kwata-kwata, amma lambarta tana nan daram a kan gilashi, tana nuna iskar da ta gani tun makon jiya. Ashe ɗan batirin cikinta ne ya mutu, akwatin kuma bai ga dalilin sanar da kowa ba. Muka zagaya shagunan masu gyaran agogo kafin a sami irinsa. Duk kukan da ta yi sai na tsaya na fito da gejina na ƙarfe mai auna iska na gwada tayar da ta nuna, in tarar lafiya lau. Na kira Bukar na faɗa masa, ya ce ai waɗanda ake ɗaurawa daga baya haka suke, ba kamar waɗanda mota ke fitowa da su daga kamfani ba, in yi haƙuri dai kada in cire. Ban cire ba, alkawari ne. Amma a raina na riga na sauke ta daga matsayin malama zuwa na 'yar rakiya mai yawan surutu.

A nan Ayuba mai faci ya shigo labarin. Kun san shi, ɗan ƙabilar Eggon ɗin nan da ke ƙarƙashin mangwaro a mahaɗar hanyarmu, wanda ya fi shekara ashirin yana duba min taya. Ayuba yana da yadda yake aiki, kuma duk masu facin garin nan haka suke yi: in ka ce a duba maka iska, sai ya zagaya ya kwance hulunan bawul duka huɗun, ya zuba a aljihun riga, ya bi tayoyi da tiyo yana hurawa, in ya gama ya sa hannu a aljihu, wadda ta fito ita ce ta tayar da ke gabansa. Tun da aka fara mota a Lafiya ba wanda wannan ya taɓa cutarwa, domin hular roba hular roba ce. Bukar ya ɗaura wa nawa wasu ƙananan notoci da sai da 'yar sifana ake kwance su, amma tun zuwa na biyu Ayuba ya ce suna ɓata masa lokaci, ni ma na ga haka, muka jefa su a aljihun mota. Ban taɓa ce masa kowace hula da gidanta ba, domin a kaina abin ya tsaya ne ga akwatin, ban kawo cewa hular ce ke ɗauke da sunan tayar ba.

Wajen ƙarshen damina aka yi wa ƙanen mahaifiyarku jika a Keana, muka shirya zuwa suna mu biyu. Da safe na biya wurin Ayuba kamar yadda na saba kafin doguwar tafiya.

"Baba, no wahala, duka huɗu ya cika daidai," in ji shi, yana goge hannu a wando. "Ka gaishe min da mutanen Keana, a kawo mana gishiri."

Mun bar gari ba da nisa ba akwatin ya fara kuka, yana nuna tayar gaba ta gefena. Na sauka gefen hanya, na sa geji, taya cike tam. Na waiga na kalli sauran, duk a tsaye suke a ido. Muka ci gaba. Kafin mu kai Obi akwatin ya sake ɗaukar kuka, lambar ta ƙara yin ƙasa. Na sake tsayawa, na sake gwada tayar nan ta gaba, ko numfashi ɗaya ba ta rage ba. Raina ya ɓaci. Na cire hulata na kifa a kan akwatin, na ce ya yi ta kukansa a ciki. Bayan mun wuce Obi, inda gonakin doya suke hagu da dama, sai na ji muryar mahaifiyarku daga baya.

"Oga direba, motan nan ya zauna ta gefena."

"Buhun shinkafar da kika sa a but ɗin mota ne, Hajiya. Ko kuwa ke ce kika ƙara nauyi, tuwon gidana ba wasa ba."

Na kasa kunne ga ƙuguna kamar yadda na saba, na ji mota tana tafiya sumul. Na ƙara mai, don ina so mu isa kafin a raɗa suna. Can ta sake magana, wannan karon ba wasa a muryar.

"Alhaji, na ce ya zauna."

Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai na ji hannunta a kafaɗata. Ku tsaya ku gane wannan. Tun ranar da na fara ɗaukar ta a mota, matar nan ba ta taɓa taɓa ni ina tuƙi ba, ko da yatsa. Ba ta ja ni ba, ba ta girgiza ni ba, ɗora hannun kawai ta yi ta ce, "Tsaya." Na ɗaga ƙafa daga totur na bar mota ta rage gudu da kanta, na gangara gefe. Ina buɗe ƙofa warin ƙonanniyar roba ya tarye ni. Tayar baya ta dama, wadda ke ƙarƙashin kujerarta, ta kwanta saura ƙiris, gefenta ya kumbura ya tsattsage har zaren ciki ya leƙo, wani siririn hayaƙi yana tashi. A gabanmu kaɗan hanya ta yi kwana ta gangara kan wata 'yar gada mai cin mota ɗaya, kuma muna tsaye a wurin wata babbar motar doya ta hauro daga gadar ta wuce mu tana girgiza ƙasa. Na bi ta da kallo har ta ɓace, bakina ba abin da yake fita sai salati.

Na durƙusa gaban tayar ina neman ƙusa, ban gani ba. Na lakato miyau na shafa a bakin hular, irin yadda masu faci ke yi, sai ga kumfa tana tasowa. Hular da kanta ce ke zubar da iskar. Irin waɗannan, sai sun danne bakin bawul a buɗe kafin su ji iskar ciki, 'yar robar da ke cikinsu ce kaɗai ke tare ta, ita kuwa robar wannan ta cinye ta karkace. Ba tabarau a tare da ni, na ce wa mahaifiyarku ta duba min lambar da ke kanta. Ta sunkuya ta ce, "Ɗaya." Hular tayar gaba ce Ayuba ya zaro daga aljihu ya ɗaura a baya. Tun daga Lafiya 'yar abin nan take sauke min taya, tana kuma ihu da gaskiyarta cewa iska na fita, akwatin yana nuna min inda aka ce masa take zaune. Allah kaɗai ya san sau nawa aka yi wannan musanya a watannin da nake zaginta da ƙarya. Bukar, ka ga taka gaskiyar. Yagana, kin ga taki.

Amma ba wannan ne ya zaunar da ni a kan dutsen bakin hanya ba. Tayar baya ta sauka daga cike har ƙasa, ta yi zafi har ta fara ƙonewa, a ƙarƙashin motar da nake tuƙawa, ni da nake jin ƙusa tun ba ta gama shiga ba, kuma ban ji komai ba. Ko alama. Ashe ciwon bai tsaya a tafin ƙafa ba, ko kuwa tsufa ne ya gama aikinsa ban sani ba. Na ɗaga kai na kalli mahaifiyarku, tana tsaye da gyalenta tana kare rana da hannu.

"Hajiya, yaya aka yi kika ji?"

"Tulu in zai zube, wuya ne yake fara sani. Kujeran nan kuma na fi ka sanin shi, Alhaji."

"Tun yaushe kika san na daina ji?"

Sai ta zo ta zauna kusa da ni a kan dutsen, abin da ba ta yi a bainar jama'a.

"Tun bara. Kana ganin ina son gyaɗa ne haka, da nake cewa ka tsaya a saya duk inda muka je? In na ji motan ya fara yawo a hanya, na san ka gaji, sai in nemi gyaɗa. Tarin da nake yi in mun kusa kwana, ka taɓa ji ina yin shi a gida? Ranan da na ce fitsari ya matse ni a garin Azuba, birkinka ne na ji yana kamawa a makare, na ce bari ƙafan ya huta."

Na shiga tuno tafiye-tafiyenmu na shekarar ɗaya bayan ɗaya, kowace gyaɗa, kowane tari, kowane "Alhaji rage, kaina na juyawa," na ga ashe ba ko ɗaya da ya faɗo haka kawai. Ina gaba ina riƙe da sitiyari ina jin kaina sarkin hanya, ashe daga kujerar baya ake tuƙa ni, a hankali, ba tare da an taɓa min girma ba. Na yi mamakin hula mai magana ta iska har na tara mata jama'a, alhali shekara da shekaru a bayana akwai wadda ke jin motata da jinin jikinta, tana jin ni kaina fiye da yadda nake jin kaina, ban taɓa kiran kowa ya zo ya gani ba. Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba. Na ji tsoron Allah a wurin nan, tsoro mai haɗe da godiya, irin wanda na ji ranar da na fara ganin Ka'aba.

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"In na faɗa, ka ajiye makulli don mace ya ce. In Bukar ya faɗa, ka ajiye don yaro ya ce. Na fi so ka ajiye don kai ka gani. Amma yau na ji tsoro, Alhaji. Gyaɗa ba zai iya wannan ba."

Wasu manoma biyu da suka zo wucewa a kan babur suka taya ni ɗaura safaya, tayar ajiya. Na ja motar a hankali har Keana, ita ce tafiyata ta ƙarshe a kan sitiyari, kuma na san haka tun ina yin ta. Na ji kowace giya da na sa kamar ina sallama da aboki. An riga an raɗa suna kafin mu isa. Da za mu dawo na kira ɗan ƙanenta da ya iya mota na miƙa masa makulli, na ce idona ne ke min yaji. A nan ne ta ja ni gefe ta roƙe ni kada in gaya muku sauran. Ta ce ba ta so 'ya'yanta su san akwai shekarar da ubansu yake tuƙi ana riƙe da shi, gara ku ɗauka na'ura ce, ko tsoro, ko Bukar.

Kada wani ya ce muku abin ya zo min da sauƙi. Watanni na yi ina farkawa da asuba hannuna yana laluben makulli a aljihu. In Yagana ta ja motar ta fita, ƙarar injin tana yi min kamar ana kiran sunana a waje an hana ni amsawa. Na rage zuwa majalisa, don ban san da wane labari zan zauna ba. Na'urar kuwa Yagana ta kwance ta ta mayar da hulunan roba, ta ce ita geji za ta riƙa sawa duk Juma'a, ban hana ta ba. Ayuba da ya ji abin da ya faru har gida ya zo yana rantse-rantse, na ce ya kwantar da hankalinsa, aikinsa ya yi yadda ya gada.

Sai dai akwai abin da ban gaya muku ba game da dawowarmu daga Keana a ranar. Na zagaya na buɗe mata ƙofarta kamar kullum, ta shiga. Na zagayo ɗaya gefen, hannuna da kansa ya tafi ƙofar direba, na ga yaron a zaune a ciki. Na tsaya kamar baƙo a ƙofar gidan da ba nasa ba. Sai ta miƙo hannu daga ciki ta buɗe min ƙofar baya ta hagu. Tunda muka yi aure ban taɓa zama kusa da ita a mota ba sai ranar. Da muka hau hanya ta kamo hannuna ta shimfiɗa shi a kan kujera tsakaninmu, ta danne da nata.

"Ka ji? Safayan nan bai kai sauran iska ba."

Na saurara iyakar ƙarfina. "Ban ji komai ba, Hajiya."

"Ba komai," in ji ta. "Ni ina ji."

Ba ta ɗauke hannun ba har Lafiya. Haka muka riƙa zama duk inda Yagana za ta kai mu, a 'yan shekarun da Allah ya ƙara mana, kuma su ne tafiye-tafiyen da suka fi min daɗi a duk rayuwata ta hanya. Na ga gonaki da duwatsun da na wuce sau ba adadi ban taɓa kallonsu ba.

Saboda haka, Yagana, ki daina jin haushina in za ki kai ni asibiti. Kullum sai kin buɗe min ƙofar baya ta dama don ta fi kusa da dakali, ni kuma kullum sai na dogara sandata na zagaya ta hagu, kina cewa rigimar tsufa ce. Ba rigima ba ce, 'yata. Wancan wurin oga ne.